Shekarar da Iya Ta Hana Ni Goyon Ciki

Da sunan Allah nake farawa, shi ya san ba ƙari a abin da zan faɗa. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ƙanwarku Sa'a tana rubutawa, kuma na gaya mata in ta ƙara gishiri zan gane ranar da ta karanta mini.

Tun kuna yara nake jin dangina suna gaya muku cewa kakarku Iya, uwar babanku, muguwar mace ce, wai ta riƙe ni da cikin fari ta hana ni zuwa gidan ubana don in yi mata bauta. Na ji ku ma kuna maimaitawa. Wasu kuma sun gaya muku na taɓa yin taɓin hankali a shekarar. Ban taɓa tanka muku ba. Yau zan tanka.

Ban kai sha bakwai ba aka kai ni gidan babanku, haka dai aka ce, ba wanda ya rubuta. Ba wanda ya matsa mini, ni na ce shi nake so. Amma shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ruwa ya ɗauke tun gero yana iya gwiwa, ya tsaya a nan ya bushe. Gyaɗa ta yi ganye ya nannaɗe, aka tona ba komai a ƙasa. Ku kun san yankinmu ta wajen Ɗambatta, ba mu da daji. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, in ka fita daga ƙauyenmu ka riga ka shiga na gaba. Mutanen da ke da daji in gona ta ƙi sai su shiga su nemo abin ci da itace. Mu kowane ɗan ganye da mai shi. Ko karan da muke girki da shi gero ne ke ba mu, da ya ƙi sai muka rasa abin dafawa muka rasa abin hura wuta tare. Tafasa muke ci da zogale, a barbaɗa ɗan garin rogo a ce an yi abinci. Maza suka watse. Babanku ya bi masu cin rani ya yi kudu, bai san ya bar ni da komai ba, ni ma lokacin ban sani ba. Gidan ya rage mu uku, Malam mahaifinsa da ya tsufa yana zaune a zaure, da Iya, da ni. Sai jar akuya ɗaya a turke, wadda Iya ke kira Ja.

Da na gane ina da ciki ban gaya wa kowa ba, don ba a faɗa. A lokacinmu yarinya mai cikin fari ba ta nuna ta san da shi. Ki ɗaure zani sama, ki lulluɓe, in an yi zancen haihuwa ki tashi ki bar wurin. Uwar miji kuwa ko ido ba kwa haɗawa. Ki durƙusa ki gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, a ba ki aiki ki yi. Ba ki ci a gabanta, ba ki dariya a gabanta. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita aka san ɗiyar mutunci. Ni na iya ta sosai. Ita ta kusa kashe ni.

Abin da ke raina shi ne uwata. Ina 'yar yarinya, ban daɗe da fara tallan gyaɗa ba, naƙuda ta kama ta da hantsi a ɗakinta. Aka aike ni in kawo ruwan zafi. Na shiga da ƙwarya a hannu na same ta a durƙushe, daɓen ɗakin duk jini, ta ɗago ta kalle ni ta kira sunana. Mata suka ture ni waje. Kafin la'asar an kai ta, ita da abin da ke cikinta. Bayan kwana biyu ni aka sa na kankare daɓen, don ni ce babbar mace a gidan. Daga ranar ba wanda ya sake yi mini zancen, aka ce haƙuri, na yi haƙuri. Na ɗauka abin ya wuce. Ranar da ɗa ya fara motsi a cikina, sai ga shi ya dawo gaba ɗaya, har ƙarnin ɗakin.

Gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili. Ina daka sai taɓarya ta kuɓuce mini. Barci ya ƙaurace mini. Ɗan abincin da ake samu in na kai baki sai in kasa haɗiyewa. Hawaye na zuba ban san na fara ba. Na daina magana sai gaisuwa. Malam, Allah ya jiƙansa, ya yi ta yi mini rubutu ina sha, kuma ban raina ba, don nakan ɗan samu sanyi a ƙirji. Mata maƙwabta suka ce iska ce, na gamu da ita a gindin tsamiyar bakin rijiya. Wata Asabe ta zo har gida da garwashi da turare. Iya ta karɓi garwashin ta hura wutarmu da shi, ta mayar mata da turarenta.

Wata safiya na je ɗebo ruwa. Rijiyar ta yi nisa a shekarar, sai an ƙara igiya. Na zura guga na tsaya ina kallon ƙasa. Ban san iya tsayuwar da na yi ba. Ban ce zan faɗa ba, amma ban ce ba zan faɗa ba. Sai na ji an riƙe mini zani ta baya. Iya ce. Ta karɓi igiyar ta ja ruwan da kanta, ta ɗora tulun a kanta, tsohuwa da ita, ta sa ni a gaba muka dawo. Daga ranar ta cire ni daga zuwa rijiya. Aikina ya koma tsintar 'ya'yan gawo na akuya, mu fita tare da sassafe, tana gaba ina baya.

Washegari da yamma ina zaune ina tsinke tafasa, ta jawo kujerarta kusa da turke ta ba ni baya. Akuyar ita ma tana da ciki. Iya ta zuba mata gawo ta fara magana da ƙarfi yadda zan ji.

“Ke Ja, na ga cikinki ya fito. Ba sai kin faɗa ba, ina da ido. Kin daina ci, kin daina barci, kina tsayuwa kamar an kafa ki. Me ke damun ki?”

Akuya kuwa tana ta gurgurar gawo, ko kai ba ta ɗaga ba. Duk gidan ba wanda ya kai ta ci. Na gane da wa ake, na sunkuyar da kai. Iya ba ta juyo ba. Ta gama ta tashi. Gobe ta sake, jibi ta sake. Ba ta tambayar komai yanzu, labari kawai take ba akuya. Yadda aka kawo ta gidan nan tana ƙarama, yadda uwar Malam ke auna mata gishiri a tafin hannu, yadda ta yi nata cikin farin.

“Ja, ni fa da nawa na fari na ɗauka ta cibiya ake haihuwa. Ba wanda ya gaya mini. Na yi ta satar man shanu ina shafa wa cibiya don ta yi laushi. Tsohuwa ta yi ta zargin kyanwa, har ta sa aka kore ta daga gidan.”

Dariya ta kuɓuce mini, na toshe baki da zani. Rabon da in yi dariya tun kafin babanku ya tafi.

“Au,” in ji Iya, tana shafa wuyan akuya, “ashe kina da haƙora.”

An ɗauki lokaci a haka kafin in buɗe baki. Ranar da na buɗe ban shirya ba. Na je zuba wa akuya ruwa, Iya tana zaune a wurinta tana kaɗi. Na durƙusa a gaban akuyar, na ji bakina yana magana.

“Ja, ni tawa uwar a durƙushe ta mutu. Na gani.”

Mazarin Iya ya tsaya. Ba ta juyo ba.

“A faɗa mata, Ja tana ji,” ta ce.

Na faɗa. Ƙwaryar ruwan, da jinin, da kiran sunan, da kankare daɓen. Abin da ban taɓa gaya wa ɗan Adam ba na gaya wa akuya, ina kuka har ina shiɗewa. Iya ta bar ni na ƙare. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ba ta ce in daina kuka ba. Da na yi shiru sai ta ci gaba da murza mazari.

“Ja, ba zan yi miki ƙarya ba, mata na mutuwa a haihuwa. Na ga waɗanda suka tafi. Amma ki duba garin nan, duk wanda kika ga yana tafiya da ƙafarsa wata mace ce ta durƙusa, kuma yawancinsu sun tashi sun ci gaba da masifa. Ga Asabe nan. Kwanan kowa yana hannun Allah, ba a gadonsa daga uwa. Abin da kika gani kuwa, ko babba ya gani sai ya taɓa shi, balle yarinya. Ba iska ba ce ke damun ki. Tsoro ne, an bar ki da shi ke kaɗai.”

Wannan maganar ita ce farkon samun sauƙina. Ba a rana ɗaya na warke ba, kar Sa'a ta rubuta haka. Amma na san sunan abin da ke cina, kuma na san wani ya sani. Daga nan kullum da yamma muna wurin turke. Iya ta gaya wa akuya yadda naƙuda ke farawa, inda ciwon ke kamawa, abin da ke fita da abin da ba na tsoro ba ne, da abin da in an gani a kira mutane da wuri. Ta faɗi komai ba ɓoye-ɓoye, abubuwan da har yau ban iya maimaita muku. Ta ce in gaba ya faɗi a zauna a jingina da bango, a ja numfashi a sake shi a hankali kamar mai hura wuta da ba ta so toka ta tashi, a yi ta yi ana salati har ƙirji ya sauka. Ta koya mini kaɗi, ta ce in tunani ya taso in ɗauki mazari ko da ba auduga mai yawa, in warware in sake. Takan bar rabin abincinta a ƙwarya ta ce wa akuya haƙoranta sun gaji, ta tashi ta shiga ɗaki don in ci ba a gabanta ba. Na san haƙoranta ƙalau suke, na gan ta tana fasa goro.

Abu ɗaya ya rage. Ciki yana tsufa, lokacin goyon ciki yana matsowa. Ku na yanzu ba kowa ke yi ba, amma a da dole ne, mai cikin fari a mayar da ita gidan iyayenta ta haihu a can, ta yi wankan jego a can. Gidan Baba mahaifina kuwa ɗakin da za a sa ni ɗaya ne, na uwata, don shi ne a rufe. Duk lokacin da na tuna sai jikina ya ɗauki rawa, duk hurawar wutar Iya ba ta tsayar da shi. Wata yamma na faɗa.

“Ja, in aka kai ni ɗakin nan ba zan fito ba. Ko ban mutu a haihuwa ba, ba zan fito ba.”

Iya ta ajiye mazari.

“Ja,” ta ce, “na ji.”

Ba a daɗe ba Gwaggo Hanne, yayar Baba, ta iso da hantsi da ɗan ƙullin goro. Ta gaisa da Malam a zaure ta shigo. Aka shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa na koma bakin ɗaki na rakuɓe. Ita da Iya sun san juna tun suna 'yanmata. Suka gaisa, suka yi jajen fari, suka lissafa waɗanda suka tafi cin rani. Sai Gwaggo ta ajiye goron.

“To, mun zo ɗaukar 'yarmu. Lokaci ya yi.”

“Sannu da hanya,” in ji Iya. “Ba za ta je ba.”

“Ban ji ba.”

“Kin ji, Hanne. Ke da kike jiyo kiɗan biki daga wani gari ki riga amarya zuwa.”

Gwaggo ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskar Iya sai dariyar ta tsaya.

“Wace irin magana ce wannan? A ina aka taɓa yi? Ko kina nufin gidanmu ba abin da za ta ci? Yunwar nan ai ba ƙofarmu kaɗai ta sani ba. Na ga rumbunku da na shigo, kaza ma ta daina leƙa shi.”

“Ban ce ba ku da shi ba. Na ce aiki ya yi mini yawa. Ɗana ya tafi, Malam ga shi nan sai a ɗauke shi a ajiye. In ta tafi wa zai yi mini daka?”

“Daka? Da tsohon ciki?”

“Ni da nawa har ranar haihuwa ina daka.”

Gwaggo ta juyo kaina.

“Ke Hajara, ba ki da baki? Marainiya ce ke amma ubanki na da rai. Tashi ki ɗauko kayanki.”

Ba zan iya cewa komai ba. In na ce zan zauna, na nuna na san da cikin, kuma na ƙi gidan ubana a gaban yayarsa. In na tashi, na san inda za ni. Na kafa ido a ƙasa.

“Ba ta da baki a gidana,” in ji Iya. “Da ni za ki yi.”

Gwaggo ta faɗi maganganu da yawa, ba zan sa a rubuta su ba, ta riga mu gidan gaskiya. Iya ta zauna ta shanye. Da a ce Iya ta ce ‘yarinyar ce ke tsoron ɗakin’, da magana ta ƙare a nan, amma da kafin azahar duk ƙauyukan nan sun ji cewa 'yar gidan wane ta zautu, tana gudun gidan ubanta. Da wannan sunan zan mutu da shi, ku ma ku gaje shi. Iya ta zaɓi nata sunan ya ɓaci. Gwaggo ta kwashe goronta ta fita ko sallama ba ta yi wa Malam ba.

Malam ya dogara sanda ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi da rana.

“Kin ja mana abin da ba zai wanku ba,” ya ce. “Mutanen nan surukanmu ne.”

“Malam, ka ba ni wannan ɗaya. Tun da na shigo gidan nan me na taɓa roƙon ka?”

“Jiya ma kin roƙe ni kanwa.”

“To, ban da kanwa.”

Ya tsaya yana kallon ta, ya kalle ni, ya koma zaure. Washegari ya hau jakin aro ya je wurin Baba da kansa ya ba da haƙuri, ba tare da ya san dalilin da yake ba da haƙurin a kai ba. Baba ya saurare shi ya ce Allah ya raba lafiya, bai ƙara ba. A wurin Baba maganar ɗaya ce, an ce ya kasa ciyar da 'yarsa a shekarar yunwa. Ba abin da ya fi wannan ciwo ga magidanci.

Riƙe ni da Iya ta yi ya ja mata duk nauyin da gidanmu ne zai ɗauka. Mai jego tana buƙatar ruwan zafi safe da yamma har ta yi arba'in, da kunun kanwa, da ɗan nama. Mu ko karan dafa tafasa ba mu da shi. Ja ta riga ta haihu, tana ba da ɗan nonon da Malam ke sha. Iya ta sa aka kai ta kasuwar Ɗambatta ita da ɗanta, aka dawo da gero da itace a kan jaki. Ita ce dabba ta ƙarshe a gidan. Ranar na koma kamar da, na kasa ci, na kasa magana. Da yamma sai ga Iya ta jawo kujera ta zauna a gaban turke ba komai a jikinsa sai guntun igiya.

“To, turke,” ta ce, “an bar mu da kai. Kai ma ba ka fi ta surutu ba.”

Haka muka ci gaba da turke. Ta kuma riƙa kiran ungozomar unguwarmu ta zo hira tun kafin lokaci, don in saba da muryarta da hannunta. A gabana ta sa Malam ya yi magana da mai amalanke, cewa in abu ya yi tsawo ba jira, asibiti za a kai ni. Na ji da kunnena, kuma jin ya taimake ni.

Naƙuda ta zo da safe bayan an sha kunu. Iya ta kai ni ɗakinta. Uwar miji ba ta zama a wurin, amma ta zauna. Da ciwo ya kai inda ya kai, na durƙusa, na ga jini a daɓe, sai komai ya juye. Na daina ganin ɗakin Iya, na koma wancan. Na fara kiran uwata, jikina ya sake, ungozoma tana cewa in yi nishi ba na jin ta. Sai na ji an rungume ni ta baya, baki a kunnena.

“Hajara. Ni ce. Buɗe idonki. Wannan ɗakina ne, ga tukunyata, ga mazarinki can. Ba wancan ba ne. Hura wuta.”

Ranar ta fara kiran sunana, ranar ta fara yi mini magana kai tsaye. Na buɗe ido na ga tukunyar. Na hura. Kafin azahar babban yayanku ya faɗo yana tsala kuka, ni kuma ina raye ina kallon sa.

Ranar suna Baba bai zo ba, Gwaggo ba ta zo ba, ba a kawo gara ba. Mata suka zauna suna cin ɗan abin da aka samu suna kallon Iya ta gefen ido. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ita ta yi mini wanka da hannunta har na gama. Bayan haihuwa ma akwai ranakun da abin ke dawowa, in zauna da jariri ina hawaye, sai ta karɓe shi ta ce in je in kwanta. Sa'a ta ce yanzu a asibiti suna da sunan da suke ba wa wannan, kuma akwai masu zama su saurari mutum su ba shi magani in da buƙata. Alhamdu lillahi. Duk wadda ya sama a cikinku ko a 'ya'yanku, a kai ta, kar a tsaya kunya. Ba kowane gida ke da irin Iya ba.

Da na yi arba'in ta ce in shirya za ta kai ni in gaida Baba. Muka taka a ƙafa ta cikin gonaki. Da muka isa ba wanda ya ce mata ta shigo. Ta zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida a ƙasa, ta ce in shiga. Baba ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a. Ya rame sosai. Sai ya tashi ya ce in zo in gani. Ya buɗe ɗakin uwata. Ya yi masa sabon daɓe, ya yaɓe bangon, ya gyara jinka. A kusurwa ga damin kara da itace da ya yi ta tarawa ɗaya-ɗaya a shekarar da ba kara.

“Da hannuna na yi,” ya ce. “Na ce ɗakin uwarki ne, za ki fi jin daɗinsa. Ga shi nan ba wanda ya taɓa.”

Na tsaya a bakin ƙofa da ɗa a hannu. Na iya kallon ɗakin, ban faɗi ba. Amma na kasa ce masa komai sai na gode.

Da na fito Iya tana nan inda na bar ta, rana ta cim mata, ko ruwa ba a kawo mata ba. Ta tashi ta kakkaɓe zani, ta karɓi yaron ta goya, muka kama hanya. Sai da muka yi nisa na yi magana.

“Iya, zan koma in gaya masa gaskiya. Ba ki da laifi.”

“Ki ce masa me? Kin ji tsoron ɗakin da ya yi wa daɓe da hannunsa? Wannan zai fi kashe shi. Bar shi ya ji haushina. Ni ba 'yarsa ba ce, zai iya ɗauka, ni ma zan iya. Kar ki faɗa muddin yana da rai.”

Ban faɗa ba. Babanku da ya dawo ya tambaya, Iya ta ce masa ita ta ga dama, ya yi fushi da ita kwana biyu ya haƙura. Baba ya ci gaba da karɓar mu, ni da ku, hannu biyu, amma bai sake taka gidan nan ba. Da Iya ta rasu aike ya yi da gaisuwa. Ban ji haushinsa ba, abin da aka nuna masa shi ya riƙe. Shi ma ya bi ta da daɗewa, Gwaggo ma haka. Yanzu ba sauran wanda maganar za ta yi wa ciwo.

Duk wanda ke cikinku, da 'ya'yanku, daga ranar da aka riƙe mini zani a bakin rijiya kuka fito. In kun ɗaga hannu kuna yi wa Baba addu'a ku haɗa da Iya, Allah ya sa su a inuwa ɗaya su sasanta a can. Kuma ranar da kuka je wurin dangina aka sake ɗauko zancen muguwar tsohuwa, ku buɗe baki. In sun ƙi yarda, ku dai kun ji daga wadda aka riƙe.